Milimita uku: nazarin failot boris a wata tsohuwar Hilux

Motar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kawowa Dawanau. Hilux ce samfurin LN106, cikin waɗanda Toyota ta ƙera tsakanin 1988 da 1997, mai jan ƙafa huɗu, da injin dizal 3L mai lita 2.8 da giya biyar. Ni ke riƙe da littafin da ake rubuta duk abin da aka kashe mata, shi ya sa na iya bin sawun abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Cikin wata biyar an sauke giyabos ɗinta sau uku. Na farko dole ne, kuloci ya cinye. Sauran biyun kuwa wani ɗan boris ne ya jawo su, wanda faɗinsa bai kai murfin kwalbar lemo biyu ba.

Sai an san inda wannan boris yake zaune kafin labarin ya yi ma'ana. A bayan inji akwai fulawil, wani faifan ƙarfe mai nauyi, ɗaure a ƙarshen karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. A tsakiyar ƙarshen karanshaf ɗin akwai rami. Daga ɗaya ɓangaren kuma giyabos ya miƙo wata sandar ƙarfe mai haƙora, wadda filet ɗin kuloci ke hawa kanta, murfin kuloci kuma ke matse filet ɗin a jikin fulawil. Gindin sandar yana cikin giyabos, babban boris na riƙe da shi. Hancinta, siriri marar haƙora, shi ne ke shiga ramin karanshaf, kuma a nan failot boris yake karɓarsa. Aikinsa biyu. Ya riƙe hancin sanda a tsakiya cif, kuma ya bar inji da sanda kowa ya juya da gudunsa a lokacin da direba ya taka kuloci. Idan ƙafa ba ta kan kuloci, inji da sanda tare suke juyawa kamar abu ɗaya, boris ɗin hutawa yake. Galibin ƙananan motocin yanzu masu jan gaba, waɗanda injinsu ke kwance a gicciye, ba su ma da shi, domin sandarsu gajera ce kuma boris biyu ke riƙe da ita a cikin giyabos. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa matasan makanikai da suka koyi aiki a kan irin waɗannan motoci ba sa ba shi muhimmanci.

Aikin farko da kaka aka yi shi, lokacin da lodi ya fi yawa. Kuloci ya fara zamewa, a taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu. Aka kai ta wani gareji kusa da gida. Sauke giyabos ɗin irin wannan mota ba wasa ba ne: a cire farfela biyu, ta gaba da ta baya, a kwance sandunan giya daga cikin gida, sannan a sauko da giyabos haɗe da okzilari, wato giyar da ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, mutum uku suna nishi. Da suka cire fulawil sai suka tarar tsohon failot boris ya tarwatse, ƙwallayensa sun zube, zoben ciki ya ɓace cikin baƙar ƙurar kuloci. Zoben waje kaɗai ya rage a cikin rami, shi ma da kurfi da guduma aka fito da shi, lambar da ke jikinsa ta goge. Makanikin ya ba yaronsa zoben ya ce ya je shago ya samo irinsa. Mai shago ya ɗora zoben a kan wani sabon boris, suka zo daidai, ya naɗe ya ba shi. Aka buga shi a ramin karanshaf ya zauna daram.

Ina wurin lokacin da aka mayar da giyabos. Abin da na tuna shi ne yadda kowa ya yi murna cewa ya shige da turawa ɗaya. Wanda ya taɓa ganin wannan aiki ya san yadda ake fama a wannan gaɓa, ana ɗagawa ana girgizawa har hancin sanda ya sami ƙofarsa. Ranar babu wannan fama. Makanikin har ya ce yau da sa'a muka tashi. Kawu na ta kirana a waya saboda washegari ranar kasuwa ce, ni ma na matsa musu su gama kafin magariba. Idan za a raba laifi, ina da kasona.

Sati biyu na farko lafiya lau. Daga nan direba ya fara ƙorafin cewa mota na karkarwa idan zai tashi da lodi, musamman a giya ta ɗaya. Ba kullum ba. Wani tashin sumul, wani tashin kamar ana kaɗa ta. Wannan rashin tabbas ɗin ya sa ba a ɗauki maganarsa da gaske ba, kawu ma cewa ya yi ƙafar direban ce ba ta iya sakin kuloci ba. Bayan wata guda sai wata ƙara ta biyo baya, ƙaf-ƙaf-ƙaf a hankali, idan an taka kuloci har ƙasa ana jira a cunkoso. Aka koma garejin. Suka saurara suka ce rilis boris ne, wato boris ɗin da ke danna murfin kuloci idan an taka feda, wai wanda aka saka jabu ne. Aka sake sauke giyabos, aka canza rilis boris, aka mayar. Babu wanda ya cire murfin kuloci balle ya leƙa ramin karanshaf, tunda a ganinsu abin da ke ciki sabo ne fil.

A nan ne aka yi asarar da ta fi ba ni haushi, domin kunne kaɗai ya isa ya raba gardamar. Boris uku ne ke iya yin ƙara a wannan yanki, kuma kowanne da lokacinsa. Babban boris na gaban giyabos yana kuka ne idan mota na firi, inji na aiki, ƙafa ba ta kan kuloci. Da an taka sai ya yi shiru saboda sandar ta daina juyawa. Rilis boris yana fara kuka da zarar ƙafa ta ɗan danna feda, tun kuloci bai saki ba, domin a lokacin ne yake taɓa yatsun murfi. Failot boris kuwa ba ya magana sai feda ta kai ƙasa, an saka giya, mota na tsaye, wato inji na juyawa sanda ta tsaya. Ƙarar motar kawu irin ta ukun ce sak. Direban ma haka ya bayyana ta, ba a dai tambaye shi da kyau ba.

Bayan sauka ta biyu abubuwa suka ƙara lalacewa. Giya ta huɗu ta fara fita da kanta, a kan titi ana tafiya, da an ɗaga ƙafa daga totur sai sandar giya ta yi tsalle ta koma firi. Direba ya koma riƙe ta da hannu. Sannan mai ya fara ɗiga daga ƙasan ƙoƙon kuloci, wato gidan ƙarfen da ya rufe kuloci tsakanin inji da giyabos, mai kauri mai warin man giya, ba baƙin man inji ba. Da sanyi ya fara ja baya kuloci ya koma zamewa kamar ba a taɓa canza shi ba.

Wani abokin kawu ne ya tura mu wurin wani dattijon makaniki da ya yi shekaru yana gyaran Land Rover da tsofaffin Toyota. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da direba ya yi masa tambayoyi kusan na minti ashirin. Sannan ya juyo gare ni.

“Ɗana, ranar da aka mayar da giyabos ɗin nan, ya ba su wahala?”

“A'a Baba, turawa ɗaya ya shige.”

“Da me suka saita filet?”

“Da ido, da kan sukundireba.”

Ya gyaɗa kai ya ce wa yaransa su sauke.

Da aka cire murfi da filet, ya sa yatsa a ramin karanshaf, ya goge fuskar boris ɗin da tsumma, ya haska da fitilar waya. Lambar ta fito ɓaro-ɓaro: 6002. Ya ɗauko ma'aunin baniya ya auna hancin sandar giyabos a inda bai ci ba, milimita 12. Ya auna ramin cikin boris, milimita 15. Ya miƙo mini ma'aunin ya ce in gani da idona.

Abin da ya faru a shagon kayan gyara ba ha'inci ba ne, kama da wane ce, wadda ba ta wane. Akwai boris biyu da faɗinsu na waje ɗaya ne, milimita 32. Ɗaya 6201, raminsa na ciki 12, kaurinsa 10. Ɗaya 6002, raminsa 15, kaurinsa 9. Wanda aka ba zoben waje kawai ya ce a samo irinsa, duk wanda hannunsa ya fara kaiwa gare shi zai ba ka, kuma zai shiga karanshaf daidai. Lambobin nan kuwa ba sirri ba ne, ƙa'ida ce ta duniya da duk masu ƙera boris ke bi. Alƙaluma biyun ƙarshe su ke faɗin ramin ciki: 00 na nufin milimita 10, 01 na nufin 12, 02 na nufin 15, 03 na nufin 17, daga 04 zuwa sama kuma sai a ninka da biyar. Alƙalami na biyu yana nuna jikin boris ɗin, siriri ne ko kakkaura. Shi ya sa 6001 da 6201 da 6301 duk raminsu 12 ne amma faɗinsu na waje 28 da 32 da 37. Wanda ya riƙe wannan a ka, ko a waya aka karanta masa lamba ya san ko za ta yi.

Milimita uku ke nan na banza, ɗaya da rabi ta kowane gefe. A ido ba komai ba ne. Amma ga yadda suka ci kuloci da giyabos. Duk lokacin da direba ya taka feda, murfi ya saki filet, babu abin da ke riƙe da hancin sanda, sai ta sunkuya da nauyin filet ɗin gwargwadon yadda babban boris na baya ya ƙyale ta. Da ya saki feda sai murfi ya damƙe filet a inda ya same shi, wani lokaci kusa da tsakiya, wani lokaci a karkace. Wannan ne ya sa karkarwar take zuwa tana tafiya. Idan aka damƙe shi a karkace, to duk juyin da inji zai yi sandar na zagaye kamar muciya a tukunya, sau dubu biyu ko fiye a minti ɗaya, har sai an sake taka kuloci. Babban boris na gaban giyabos ya sha wannan murɗa har ya yi sako-sako. Robar da ke tare mai a wuyan sandar ta buɗe, mai ya biyo ya jiƙa filet, kuloci ya koma zamewa. Giya ta huɗu kuma ita ce giyar da ake ƙulle wannan sanda ta gaba kai tsaye da sandar da ke fita baya, juyi ɗaya da ɗaya, kuma ƙananan haƙoran da ke yin ƙullin a jikin sandar gaban suke. Sanda na rawa, haƙoran na gogewa, har bakinsu ya zama kamar an yi masa fiƙe, suka daina riƙo. Ba a banza ta huɗu kaɗai ke fita ba, sauran suna zaune.

Sai aka zo kan zaɓi, kuma nan ne muka ɗauki kusan yini guda muna magana, kawu na gefe yana lissafin buhunan da ke jiransa.

Wani mai injin juya ƙarfe da ke maƙwabtaka da garejin ya kawo shawarar a yanko bushin tagulla, wato zobe marar ƙwallaye da zai maye gurbin boris, a huda shi daidai da hancin sandar yadda ya cinye, a huta. Shawarar ba ta wauta ba ce. Tsofaffin Land Rover da bushi suka zo daga kamfani, haka yawancin tsofaffin motocin Amurka, kuma bushi na da halin kirki guda: idan zai mutu a hankali yake cinyewa, ba ya ƙamewa ya cinye sanda. Amma Baba ya ƙi, kuma na gamsu da hujjarsa. Bushin da ake sa wa a wannan wuri ba tagullar da ake yankowa daga sanda ba ce. Garin tagulla ne ake matsewa a gasa, ya fito da ƙananan ƙofofi kamar soso, a shayar da shi mai. Idan ya ɗauki zafi sai ya yi gumin man ya shafa wa kansa. Kamfanin Chrysler ne ya fito da irinsa a 1930 da sunan Oilite. Masu Land Rover har kwana suke sa shi ya yi a cikin man inji kafin su buga shi, kuma ba a cusa masa giris don kada ya toshe ƙofofin. Tagullar da mai juya ƙarfe zai yanko ba ta da wannan soso, a bushe za ta yi ta gurzar sanda. Baba ya ƙara da cewa ko bushin kanti ne, a gwada shi da maganaɗisu. Wanda ya manne an cika shi da baƙin ƙarfe, kuma shi ke cin hancin sanda.

Akwai kuma boris mai allurai, irin wanda ke cikin babban notin fulawil na Volkswagen Bitil. Wannan bai ma shiga lissafi ba. Allurai a kan jikin sanda kai tsaye suke birgima, saboda haka suna son hanci mai tauri, mai santsi, marar tabo. Namu duk tabo ne.

Ya rage 6201, wanda shi ne ma'aunin ya nuna, kuma shi ne ke daidai da wanda Toyota ke sayarwa da lamba 90363-12002. Na tambayi Baba me ya sa ba mu fara da duba littafin kayan motar ba tun farko, mu huta da aune-aune. Ya yi dariya ya ce, “Motar Alhaji shekararta nawa? Injin nan nata ne?” Ba nata ba ne. An canza shi shekarun baya da ɗan Kwatano bayan na asalin ya yi zafi ya fasa kai. Giyabos ɗin ma babu mai iya rantsuwa cewa da shi ta baro Japan. Motar da ta haura shekara talatin a hanyoyinmu, sunan da ke jikin bodinta labarin bodi kawai yake bayarwa. Ya ce ya sha ganin injin da aka ciro daga mota mai giyar otomatik, ramin karanshaf ɗinsa wayam babu boris ko kaɗan saboda can ba a bukatarsa, a ɗaura shi da giyabos na hannu a haka. Don haka shi abu uku yake aunawa ko da littafi na gabansa: faɗin ramin karanshaf, kaurin hancin sanda, da zurfin da hancin ke kaiwa idan an haɗa, don a tabbata ya hau zoben ciki sosai ba a bakinsa ya tsaya ba. A motarmu lissafi da littafi sun yi daidai. Ba kullum suke yi ba.

Ko a cikin 6201 ɗin ma akwai zaɓi, kuma haruffan da ke bin lambar su ke faɗa. Akwai buɗaɗɗe wanda ake ganin ƙwallayensa. Akwai mai murfin ƙarfe gefe biyu, ZZ. Akwai mai murfin roba gefe biyu, wanda akasari ake rubuta wa 2RS, kodayake NSK na rubuta DDU, NTN kuma LLU. Buɗaɗɗe bai dace ba sam, domin wuri ne da ba a iya kai masa giris sai an sauke giyabos, ga ƙurar filet, ga juyin fulawil da zai watsar da ɗan giris ɗin da ke ciki, watakila ma kan filet. Murfin ƙarfe yana tare tsakuwa amma akwai 'yar tazara tsakaninsa da zoben ciki, ƙura mai laushi da ruwa suna wucewa. Motar da ke ratsa rafi da damina tana shan ƙurar hunturu a hanyar burji, mai roba ne nata.

Matsalar 6201 ita ce yawansa. Yana cikin fankoki da ƙananan injina da babura, saboda haka kowane shago na da shi, daga na kirki har wanda ko wata uku ba zai yi ba. A fanka idan ya mutu, sukurori huɗu ne a canza. A nan kuwa aikin yini ne da mutum uku. Na je kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa da kaina, da tsohuwar sandar a buhu. Baba ya ce in nemi na Japan, Koyo ko NSK ko NTN ko Nachi, in duba rubutun jikin zobe ya fito tsaf ba a karkace ba, sannan in juya shi da yatsa. Sabon boris mai roba ba ya wulwulawa. Juyi yake da ɗan nauyi, shiru, saboda giris ɗin da ke ciki. Wanda aka kaɗa ya yi ta gudu yana shuu, wanda masu shago ke nunawa a matsayin alamar kyau, a bushe yake. Bambancin kuɗi tsakanin mai kyaun da na banzan bai kai abin da muka kashe wa yaran gareji a abincin rana ba.

Sandar kuwa ba ta tsira ba. An yi maganar a yi wa hancin walda a sake juya shi, amma zafin walda na kashe taurin ƙarfe kuma yana iya lanƙwasa shi, ga shi haƙoran giya ta huɗu sun riga sun tafi, su kuma walda ba ta dawo da su. Aka samo wata daga mataccen giyabos. Baba ya ƙirga haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, na giya da na filet, ya jera ta da tsohuwar ya gwada tsawo, sannan ya zura sabon boris a hancinta: ya shige da turin babban yatsa, babu girgiza. Aka canza babban boris na gaba, da robar mai, da zoben tagullar giya ta huɗu, da filet ɗin da mai ya jiƙa. Murfin kuloci da rilis boris aka bar su, lafiyarsu ƙalau, har da wanda aka ce jabu ne da a ce ba a jefar da shi ba.

Cire 6002 ɗin bai ɗauki minti biyar ba. Suka cusa sabulun wanki ta raminsa har bayan ya cika, suka sa ƙusa mai kaurin ramin suka buga, suka ƙara sabulu suka sake bugawa, sabulun ya turo shi waje ba tare da an ƙwarzani karanshaf ba. Sabon kuma tun safe aka ba mai sayar da ruwan sanyi ya ajiye a firiza cikin leda, don ya ɗan tsuke. Aka goge ramin tas, aka ɗora soket da ya hau zoben waje kawai, aka shigar da shi da ƙananan bugu. Idan aka bugi zoben ciki, ƙwallaye na yin tabo a hanyarsu, boris ya fara mutuwa tun ba a tada inji ba.

Wani abu ya ƙara fitowa da ake shirin mayarwa. Tsakanin inji da ƙoƙon kuloci akwai 'yan turaku biyu na ƙarfe da ke saita su, don tsakiyar karanshaf ta fuskanci tsakiyar giyabos. Notuna ɗaurewa kawai suke yi, ba sa saiti. Ɗaya daga cikin turakun babu shi, kuma ramin ya cika da tsohuwar laka, alamar ya daɗe da ɓata. Baba na ganin wannan ne ya kashe boris na asali tun farko. Aka samo wani aka buga.

An saita filet da tsohuwar sandar, wadda Baba ya sa aka yanke mata gindi, aka naɗa wa hancinta ɗan salatif don ya cike inda ya ci. Mayar da giyabos ya ɗauki kusan rabin awa ana ɗagawa ana murɗa bakin da farfela ke ɗaurewa, yara na gumi, kafin ya yi ƙwas ya zauna.

Motar ta yi damina ɗaya da kaka ɗaya tun daga lokacin. Karkarwa ta tafi, ta huɗu na zaune, ƙasan ƙoƙo a bushe. Giya ta biyu tana ɗan gurzawa da sassafe idan mai bai yi ɗumi ba, abin da ta daɗe tana yi tun kafin wannan rigima. Baba ya ga zobenta lokacin da giyabos ke buɗe, ya ce zai kai wani kulocin, kawu kuma ya ce kuɗinsa sun ƙare. Guntuwar sandar tana rataye a ƙusa a bangon garejin, yaran na saita filet da ita.